Tsutsar Ciki a Fadamar Haɗejiya: Wa Ake Ƙirgawa, Wa Ake Bari?

A ƙarshen damina, idan Kogin Haɗejiya ya fara janyewa, ƙasar da ya bari a Auyo da Kirikasamma da Guri takan ɗauki makonni tana jiƙe. Manomi yana maraba da wannan danshi domin a kansa zai yi shuka. Masunci yana bin tafkunan da suka yanke daga kogi, yara kuma suna wuni a bakin ruwa ba takalmi. Danshin da yake rayar da shuka shi ne kuma abin da ƙwan tsutsar ciki yake bukata. Ƙwan da ya fito tare da bayan gidan mutum ba ya kama wani nan take, sai ya yi kimanin mako uku a ƙasa mai ɗumi da laima kafin ya nuna. A kan tudu, zafin rana da bushewar hunturu suna kashe da yawa daga cikinsa. A fadama kuwa yana samun inuwa da laima, ya zauna yana jiran hannun da zai kai shi baki.

Saboda haka tambayar yawan masu ɗauke da tsutsar ciki a ƙasar Haɗejiya tana da amsa biyu, ta tudu da ta fadama. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen rabon magani yana cakuɗa su wuri guda, ya fitar da adadi ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, kuma daga yaran makarantar boko yake ɗebo shi. Wannan ma'auni ya yi wa yankin faɗi. Lokaci ya yi da Jihar Jigawa za ta riƙa ƙirga cutar a inda ruwa yake, a jikin mutanen da suke shiga ruwan.

Abin da ake kira tsutsar ciki

Sunan ɗaya ne a bakin jama'a, amma halittun da ke ƙarƙashinsa sun bambanta, hanyoyin shigarsu jiki ma haka. Akwai macijin ciki, wanda tsawonsa kan kai santimita 35. Macensa ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, kuma idan suka yi yawa a hanjin ƙaramin yaro suna iya dunƙulewa su toshe shi. Akwai wata mai siffar bulala wadda take maƙalewa a babban hanji, tana jawo zawo mai jini idan ta yi yawa. Waɗannan biyun ta baki suke shiga: a farce, a ganyen latas da ba a wanke sosai ba, a ruwan sha. Akwai kuma mai ƙugiya, wadda 'ya'yanta suke huda fatar ƙafar wanda ya taka ƙasa ba takalmi, su bi jini har su isa hanji, su kama bangonsa suna zuƙar jini. Ita wannan ta fi son ƙasa mai yashi da laima, irin wadda ake samu a gaɓar da jigawa ta haɗu da fadama. Tsila kuma daga naman da bai dahu ba take zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5, wato kashi 24 cikin 100 na al'ummar duniya, suna ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Bayan su akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su amiba mai haddasa atini da jiyadiya mai sa gudawa da kumburin ciki, waɗanda gurɓataccen ruwan sha yake yaɗawa. Sai tsargiya, wadda yawancin mutane suka sani da fitsarin jini. Tsargiya iri biyu ce a Najeriya. Ɗaya tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ɗaya kuma a na hanji, inda ƙwanta yake sa bayan gida mai jini, bayan shekaru ya kumbura hanta da saifa. Dukansu biyun sai sun bi ta jikin katantanwar ruwa kafin su shiga fatar mutum, shi ya sa ba a samunsu sai inda ruwa yake kwanciya.

Abin da ya sa aka raina waɗannan cututtuka shi ne ba kasafai suke kwantar da mutum ba. Yaro yana cin abinci amma ba ya kumari. Tafin hannunsa ya yi fari, cikinsa ya fito, yana gyangyaɗi a aji. A gida a ce dattin ciki ne ko shawara, a jiƙa masa saiwa. Babba kuma ya ce basir ne ya taso masa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jigawa kuwa adadin ya haura kashi 60. Binciken ya kuma nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. Tsutsa ba ita kaɗai ta jawo wannan ba, akwai zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki da sikila. Amma a duk cikin sababan, ita ce wadda kawar da ita ya fi araha.

Yadda aka yi ƙidayar

Tsakanin 2013 da 2015, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar da babban bincike a jihohi 19 da Abuja, ciki har da Jigawa. An shiga makarantu 2,160 a ƙananan hukumomi 433, aka gwada fitsari da bayan gidan yara fiye da 108,000. Sakamakon ya nuna kashi 27 cikin 100 suna ɗauke da tsutsar da ake ɗauka daga ƙasa, kashi 9.5 kuma suna da tsargiya. Jihohin kudu masu yawan ruwan sama su ne suka fi tsutsar ƙasa, na arewa mai nisa kuma suka zo a ƙasa, kamar yadda yanayi ya nuna tun farko. Aiki ne mai daraja, domin kafin shi rabon magani a wurare da dama lalube ne cikin duhu.

Idan aka raba alƙaluman, za a ga makaranta biyar ce ta wakilci kowace ƙaramar hukuma, yara kusan hamsin a kowace makaranta. A kan abin da ya fito daga waɗannan biyar ake yanke hukunci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce idan masu tsutsar sun kai kashi 20 cikin 100, a ba dukan yara magani sau ɗaya a shekara, idan sun haura kashi 50 a ba su sau biyu. Idan ba su kai kashi 20 ba, ba a yin rabon gama-gari.

A ƙaddara, a matsayin misali kawai, wata ƙaramar hukuma mai ƙauyukan tudu da na fadama, kamar yadda Kafin Hausa da Kirikasamma suke. A ce makarantu huɗu na tudu kowace ta nuna kashi 10, ta biyar da ke bakin ruwa ta nuna kashi 55. Idan aka haɗa aka raba biyar, kashi 19 za a samu. A takarda, ƙaramar hukumar ba ta cancanci rabon magani ba, alhali akwai ƙauyen da ya kamata a ba yaransa sau biyu a shekara. Ba wanda ya yi ƙarya a wannan lissafi, tsarin ne ya haɗiye ƙauyen.

Giɓi na biyu ya shafi su wa aka gwada. Ƙasar Haɗejiya ta yi suna da tsangayu da mahaddata, kuma almajiri ba ya cikin rajistar firamare. Ɗan masunci da yake wuni a jirgi tare da mahaifinsa ba ya ciki, haka yaron ruga da yake bin shanu zuwa mashaya, haka yarinyar da aka cire daga aji domin talla. Su ne suka fi kowa taka ƙasa ba takalmi, su ne kuma suka fi daɗewa cikin ruwa. Tsutsa mai ƙugiya ma a jikin manya ta fi yawa, kuma ɓarnarta ta fi tsanani ga mace mai ciki wadda dama jininta bai wadata ba. Binciken da ya tsaya a ƙofar aji ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Giɓi na uku yana cikin gwajin kansa. Hanyar da ake bi, mai suna Kato-Katz, an tsara ta ne domin ƙirga ƙwan tsutsa a ɗan bayan gida da aka shafa a gilashi. Ba ta nuna amiba da jiyadiya. Ƙwan mai ƙugiya kuma yana ɓacewa daga gilashin idan aka wuce kamar awa guda ba a duba ba, gwaji ɗaya tak kuma yakan tsallake wanda tsutsarsa ba ta da yawa. Ke nan duk adadin da aka samu ta wannan hanya mafi ƙarancin abin da ke akwai ne.

Kogin da ya sauya hali

Kogin Haɗejiya na yau ba shi ne wanda kakanni suka sani ba. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin yana cika da damina, ya kusan ƙafewa da rani. Ƙafewar nan tana rage katantanwa, tana kuma gasa ƙasa. Da madatsun suka fara sakin ruwa a kowane lokaci na shekara, sai laka ta taru a hanyoyin ruwa, ciyawar kacala ta mamaye su. Manoman yankin Guri da Nguru sun san ta da cinye gonaki da ɓoye tsuntsun jan-baki mai kwashe shinkafa. Ta fuskar lafiya, kacala tana tsayar da ruwa a gefen gari tsawon shekara, tana ba sauro da katantanwa mafaka.

Senegal ta ga ƙarshen irin wannan hanya. An kammala madatsar Diama a Kogin Senegal a 1986. Shekara biyu bayan haka aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard Toll, inda a da ba a san ta ba, kuma cikin 'yan shekaru ta kama mafi yawan mutanen garin. Abin da ya faru shi ne ruwan ya daina sauka da hawa kamar da, gishirin teku ya daina shigowa, katantanwa ta samu gida.

A watan Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, mai faɗin kimanin hekta 5,700, wanda aka gyara da rancen Bankin Duniya. Ba mai hankalin da zai yi adawa da noman rani a jihar da take neman abinci da aikin yi. Amma kowace sabuwar hanyar ban-ruwa wurin wanka ce ga yara, wurin wanki ne ga mata, kuma mai dashen shinkafa yana wuni da ƙafa a cikinta. Taswirar 2015 ta girmi wannan faɗaɗawa, ta kuma girmi manyan ambaliyoyin 2018 da 2020 da 2022. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda take auna ruwan da ke shiga gonaki, ya dace kasafin aikinta ya ƙunshi auna abin da ruwan yake sa wa masu gonakin.

Takardar shaida da ambaliya

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawar da bahaya a fili a dukan ƙananan hukumominta 27. A ƙasar da binciken 2021 ya nuna mutum kusan miliyan 48 suna bahaya a fili, wannan abin alfahari ne, kuma guminsa na magidantan da suka haƙa masai da kuɗinsu ne. Sai dai a daminar shekarar ce ambaliya ta hallaka mutum fiye da 100 a jihar, ta rusa dubban gidaje, kuma ƙasar Haɗejiya tana cikin inda abin ya fi muni.

Masan da aka saba haƙawa rami ne a ƙasa, da katako ko siminti a kai. Idan ruwa ya shigo gari, ramin yakan cika ya tumbatsa ko ya rufta, abin da ke ciki ya bi ruwa zuwa tsakar gida da rijiya da gona. Waɗanda suka rasa muhalli su koma makaranta ko bakin titi, inda banɗaki ɗaya ba zai ishi ɗaruruwa ba. Ko a shekarar da ba ambaliya, manomin da gonarsa take nesa da gari da masuncin da yake kwana a ruwa ba sa tafiya da masai. Malaman yankin sun daɗe suna karantar da cewa shari'a ta hana biyan bukata a mashaya da hanya da inuwar da mutane ke zama, amma hani yana bukatar madadin da mutum zai nufa.

Takardar shaidar ta tabbatar da cewa a lokacin da masu dubawa suka zo, gidaje suna da banɗaki kuma ana amfani da shi. Ko tsarin ya tsaya bayan ruwa ya wuce, bayan gidan yara ne zai faɗa. Idan nasarar 2022 ta kafu, ƙwan macijin ciki zai riƙa raguwa shekara bayan shekara a ƙauyukan fadama, kuma Jigawa za ta samu hujjar da ta fi kowace takarda ƙarfi. Idan bai ragu ba, gara a sani da wuri a gyara.

Hujjar masu cewa a raba ƙwaya kawai

Akwai masu ganin duk wannan ɓata kuɗi ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙwayar albendazol ɗaya mai miligiram 400, ko mebendazol mai 500, ta fi gwajin mutum ɗaya araha nesa ba kusa ba, kamfanonin GSK da Johnson & Johnson ma kyauta suke ba da su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kamar yadda Merck yake ba da firazikwantel na tsargiya. Don me za a gwada, tun da ana iya ba kowa? Binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a Busia ta ƙasar Kenya, wanda aka buga a 2004, ya nuna rabon maganin a makarantu ya rage fashin zuwa aji da kashi ɗaya cikin huɗu.

Amsar tana da fuska uku. Ta farko, ƙwayar tana kashe tsutsar da ke ciki ne a ranar, ba ta hana wata shiga gobe. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya gano cewa wata 12 bayan shan magani, yawan masu macijin ciki yakan koma kashi 94 cikin 100 na yadda yake a da. Ta biyu, ƙwayar albendazol ɗaya ba ta maganin atini, ba ta kuma taɓa tsargiya, don haka sai an san abin da ya addabi ƙauye kafin a san abin da za a kai masa. Ta uku, masanan ƙungiyar Cochrane da suka sake duba gwaje-gwajen rabon gama-gari sun ga amfaninsa ga nauyi da jinin yara kaɗan ne idan aka haɗa kowa da kowa. Abin da hankali zai ɗauka daga wannan shi ne maganin yana aiki a jikin wanda yake da tsutsa, kuma ribar rabon tana ga gano wuraren da masu ita suka taru.

Ba kowa za a gwada ba. Ƙauyuka kaɗan da aka zaɓa a kowace mazaɓar fadama, waɗanda za a riƙa komawa duk shekara, sun wadatar a ga inda aka dosa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a ƙa'idojinta na 2022 kan tsargiya, ta ce duk al'ummar da masu cutar suka kai kashi 10 cikin 100 a ba kowa magani tun daga ɗan shekara biyu, har da manya. Ba za a iya aiki da wannan ƙa'ida ba sai an san adadin kowace al'umma.

Waɗanda suka ci nasara ta wannan hanya suka bi. Koriya ta Kudu ta gwada bayan gidan ɗalibanta sau biyu a shekara daga 1969 zuwa 1995. Binciken ƙasa na 1971 ya samu kashi 84 cikin 100 na jama'a da tsutsa, na 1997 ya samu ƙasa da kashi 3, bayan magani da banɗakuna da daina zuba bayan gida a gona sun tafi tare. Najeriya ma tana da nata misalin. Da aka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya a 1988 ana neman masu kurkunu, an samu fiye da 650,000. Sanin sunan kowane ƙauye shi ya nuna inda za a kai matatar ruwa da rijiya. An ga na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar shaidar rabuwa da cutar a 2013.

Abin da Haɗejiya za ta iya yi da abin da take da shi

Kayan aikin ba su da tsada: madubin likita, gilasai, da hannun da ya ƙware. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, cikin masarautar. Kwalejin koyon aikin lafiya tana Jahun. Ɗaliban da ake tura wa aikin bincike kowace shekara za su iya ɗaukar wannan nauyi idan Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta tsara musu ƙauyuka tabbatattu da hanya ɗaya ta gwaji, maimakon kowa ya yi nasa ya ajiye a kanta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan janyewar ruwa, kafin a yi rabon maganin shekara.

A kowane ƙauye, gwajin ya haɗa da tsangaya da ruga da masunta da matan da suke zuwa awon ciki, tare da 'yan firamare. Wannan ba zai yiwu ba sai da yardar alaramma da arɗo da sarkin ruwa da bulama, domin neman bayan gidan mutum abu ne mai nauyi a al'ada, kuma baƙo ba ya samunsa da takardar ofis. Masarautar Haɗejiya, mai hakimai a ƙananan hukumomi takwas, ita ce take da bakin da za a saurara. A kowane gwaji a riƙa duba amiba da jiyadiya, a kuma haɗa da fitsari.

Sakamakon kuma a mayar wa masu shi, da Hausa, a rediyo da ƙofar bulama. Magidancin da aka gaya wa cewa a cikin yara goma na unguwarsa shida suna da tsutsa, ya fi saurin ɗaga bakin masansa sama da inda ruwa yake kaiwa, ya saya wa ɗansa silifa, fiye da wanda aka karanta wa adadin duniya. Gwamnati ma da wannan adadin za ta san ƙauyukan da ke bukatar masai mai tudu da aka ɗaure da bulo, da gonakin ban-ruwa da ke bukatar banɗaki a bakin hanya, da rijiyoyin da za a zuba wa magani da zarar ambaliya ta wuce.

Ruwa zai sake zuwa a watan Agusta mai zuwa, ya kwanta a Auyo da Guri da Kirikasamma, ya janye a Oktoba. Idan an tsara aikin tun yanzu, a watan Nuwamba ma'aikacin gwaji zai iya zama a zauren bulama da madubinsa, kafin azahar ya faɗa wa mutanen ƙauyen yara nawa ne cikin hamsin suke ɗauke da tsutsa, ya rubuta adadin, ya dawo baɗi ya sake ƙirgawa.